Golmon Marigayi Haggai

Hannah Maman Glory ta haye hamsin kafin ta gano cewa Turawa ma da can ba su iya Turanci ba. Maganar daga bakinta ta fito, ranar da ta dawo daga aji ta zauna a ƙofar ɗakinta a unguwar Rikoto ta garin Zuru ta riƙe haɓa, kamar wadda aka gaya wa rasuwa.

Amma bari a fara daga inda ya kamata. Haifaffiyar Dabai ce, 'yar manomi, ta yi firamare ta ɗan leƙa sakandare. Tana budurwa wani dogon saurayi mai suna Haggai ya fara yi mata golmo, wato noman da saurayi kan kwashi tsaransa su je su yi a gonar uban yarinya, damina bayan damina, kafin a ba shi ita. Haggai ya yi nisa, tafin hannunsa ya yi kanta, har uban Hannah ya fara kiransa da ɗana. Sai ga Markus ya zo hutu daga bariki da wani takalmin soja da ake ganin fuska a jikinsa. Hannah ta dubi galma, ta dubi takalmi. Kada wani ya ce tura ta aka yi, da ƙafarta ta bi soja. Haggai ya kwashi tsaransa ya bar gonar. Ya jingine galmarsa ya koyi aikin kafinta, ya auri wata daga Kanya, suka zauna har Allah ya ɗauke ta.

Hannah kuwa ta sha yawon bariki, daga Kaduna zuwa Inugu zuwa Maiduguri. Ta soya ƙosai, ta sayar da zane, ta haifi Glory, ta koyi zagi da harsuna kala-kala. Da Markus ya yi ritaya da igiyar saje, ya gina mata ɗaki ciki da falo a gidan danginsa, ya kwanta a ciki kaɗan, ya tafi. Dangi suka zauna suka yanke magana: muddin Hannah matar gidan ce, ɗakin nata ne, ranar da ta auri wani, ɗaki ya koma hannun dangi. Wadda ta fi kowa riƙe wannan magana ita ce Saloma, ƙanwar marigayin, don tana da ɗa da ke neman inda zai sa amarya. Kullum in ta gitta ƙofar sai ta auna ta da ido, kamar tela.

Da Glory ta yi aure ta tafi Jos, zaman kaɗaici ya ishi Hannah, sai ta shiga karatun malanta na ƙarshen mako, sashen Turanci. Can ta faɗa hannun Malam Ladan, wani siririn Bakabe da ke koyar da adabin Turawa na shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Ranar farko da ya buɗe littafi ya fara karantawa, ta ɗauka aljanu suka hau shi. Kalmomin sun yi kama da Turanci, amma kamar an jiƙa su an shanya sun motse.

"Malam," ta ce, "wannan wane ƙauye ne?"

"Ƙauyen Sarauniya ne, Mama. Haka kakanninsu sunka yi magana."

"Su da suka sa aka zane mu a firamare don mun yi kuskure? Ashe ga inda kuskure ya yi gida!"

Aji ya fashe. Amma abin mamaki, ita ce ta fi kowa kamuwa. 'Yan yaran ajin suna haddacewa don jarrabawa, ita kuwa ta ga mutanen da ta sani ne a ciki: sarki mai kunnen ƙashi, bafaden da ke kai tsegumi, matar da ta binne maza ta fito tana taunar goro, sojan da ya dawo yaƙi ya tarar an raba kayansa. Ta ce duk ta zauna da su a bariki, sunaye kawai aka canza. Baitocin kuma suna da wani bugu kamar lugude, sai ta riƙa haddace su a bakin turmi. Maƙwabta suka saba jin taɓarya na sauka, tsohon Turanci na tashi.

A shekarar ƙarshe Malam Ladan ya ce ba don a zauna a karanta aka rubuta waɗannan wasannin kwaikwayo ba, don baki da ƙafa aka yi su, a da ma kan amalanke da tsakar gidan baƙi ake yinsu. Saboda haka jarrabawarsu wasa ce, a fili, gaban jama'a. Labarin na wani hakimi ne da ya ba jarumin yaƙi 'yarsa, aka yi biki, ana tsakar cin abinci wani maƙiyi ya soke angon. Kowa ya san ba mai iya baitocin 'yar hakimin sai Hannah.

"Zan yi," ta ce, "amma ba zan tsaya gaban mutanen Zuru wani ɗan da na girmi uwarsa ya riƙe mini hannu yana kirana masoyiya ba. A nemo manya."

Malam ya yarda a ɗauko na waje. A nan ne, jama'a, wayon Hannah ya yi mata yawa. Mai gina dandamalin wasan Haggai ne, ga shi da tsayi, ga shi yana karatu a coci da murya kamar ganga. Ta ce ga jarumi. Hakimi kuwa baiti ɗaya kawai zai faɗa, sauran duk gemu ne da tafiyar ƙasaita. Ta je Dabai ta ɗauko yayanta Habila, wanda tun rasuwar ubansu shi ne uba a gidan. Ta zaunar da shi ta bayyana masa da C'lela, yarensu na gida: ka kama hannuna, ka sa a nasa, ka kurɓi abin da ke cikin kofi, ka faɗi wannan layin. Da aka rasa takalmin da ya dace da jarumi, ta buɗe akwati ta fito da na Markus. Ya shiga ƙafar Haggai kamar don shi aka ɗinka. Haggai ya daɗe yana kallon ƙafafunsa. Ita ba ta lura ba, tana gyara rawanin kwali.

Ranar Asabar da la'asar, farkon damina, fili ya cika. Tsofaffin Dabai, tsaran Haggai da Habila, suka zo cikin a-kori-kura suka kama benci na gaba. Saloma ta zo da kujerarta. Ba wanda ya fahimci kalma ɗaya, amma an ji daɗin takobin katako da rigunan labule. Hannah ta zuba baitocinta ba tuntuɓe, har Malam Ladan ya cire tabarau yana gogewa.

Aka zo wurin bayarwa. Habila ya taso da gemunsa, ya kama hannun ƙanwarsa ya ɗora a na Haggai, ya kurɓi kunu. Ya buɗe baki, Turanci ya gudu. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa. To dattijo ba ya tsayawa baki buɗe gaban jama'a. Sai ya gyara murya ya faɗi abin da ya iya: albarkar da uba ke sa wa 'ya ranar da ya ba da ita, da C'lela tsantsa, tun daga farko har ƙarshe, har da sunan ubansu.

Sai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Tsofaffin benci na gaba suka miƙe suna dafa juna, suka nufi mota. Saloma ta naɗe kujerarta ta fita ba ta waiwaya ba. Hannah ta ɗauka hadarin da ya taso daga gabas ne ya kore su, guɗar kuma yabo ce. Har wani daɗi ta ji, baiwar Allah.

Sauran wasan ɗalibai da 'yan tsiraru ne suka gani. Aka soke Haggai, zoɓo ya malale a rigarsa, ya faɗi kamar itace. Aka ɗora shi a kan ƙyaure. Habila ya sunkuya ya shafe masa ido yana wani gunaguni, ya kama gefe ɗaya aka fita da shi. Hannah ta yi kukan da ba a littafi ta koya ba, tana yi tana jin abin da yayanta ke faɗa a kan gawar, amma lokacin hankalinta na kan baiti na gaba.

Lahadi a coci mata suka riƙa ce mata amarya. Ta yi dariya ta ce su bari sai ta yi lalle.

Litinin da safe tana shara, sai ga Saloma da sabon kwaɗo a hannu.

"Matarmu, ko in ce matar mutane, yaushe za ki kwashe?"

"Kwashe me?"

"Kayanki. Ba korar ki nake ba, kin san ni da kunya. Amma yaron nan yana son ya yi fenti kafin ruwa ya kankama."

"Saloma, kin karya kuwa? Ko da yunwa kika fito?"

"Ni na ƙoshi tun ranar Asabar. Gaban idona yayanki ya ba da ke, angon kuma sanye da takalmin ɗan'uwana. Takalminsa, Hannah! Ko kunyar kabari ba ki ji ba. In kina musu, je ki Dabai ki ga abin da ake yi a gonar Habila."

Tsintsiya ta faɗi daga hannun Hannah. Ko zane ba ta canza ba ta tare ɗan acaba. Saloma ta hau wani ta bi ta, da kwaɗonta.

Tun daga kan hanya ta jiyo waƙa, irin wadda rabonta da ji tun tana budurwa. Da ta ƙarasa, ta tsaya a bakin gona tana kallo. Tsofaffi ne jere a gona, furfura fari fat, wani da ɗaurin gwiwa, wani ya jingine sandarsa a kunya, kowa da galma, suna tayar da ƙasa suna waƙar golmo da muryoyin da suka sha taba da shekaru. In sun kai ƙarshen kunya sai an jira a miƙar da bayan wani. A gaba, ba riga, Haggai ne. Habila kuwa yana gindin ɗorawa ya miƙe ƙafa, fuskarsa kamar wanda aka biya wa kuɗin ziyarar Urushalima.

"Yaya! Mene ne wannan?"

"Noma ne, ƙanwata. Ni ma tashi na yi na gan su. In kore su?"

"Ku tsaya! Don Allah ku tsaya! Baba Dudu, kai ma da kai?"

Baba Dudu shi ne babbansu, haƙori ɗaya ya rage masa, shi ma yana shawarar tafiya. Ya dogara da ƙotar galma yana haki.

"'Yata, ai mun makara ma. Mun fara wannan aiki muna samari, soja ya katse mu. Tun da an ba shi ke yanzu, sai mu ƙarasa abin da ya saura, kada a ce yaronmu ya ɗauki mata a bagas."

"Baba, wasa ne! Wasan makaranta! Jarrabawa ce!"

"Wasa." Ya juya kalmar a baki kamar tsakuwa a tuwo. "Wancan ba Habila ba ne?"

"Shi ne."

"Ba shi ne ubanki ba yanzu?"

"Shi ne, amma…"

"Ke ba Hannah ba ce? Kina da miji? Shi Haggai yana da mata? Abin da ke kofin ba kunu ba ne? Albarkar da aka sa, akwai inda aka rage? To nuna mini wasan, 'yata. Turancin ne kawai ban ji ba, shi kuma ba da shi ake aure a Dabai ba."

"Yawwa, Baba," in ji Saloma, tana kaɗa kwaɗo. "Faɗa mata da kyau."

Hannah ta juya wurin mutum ɗaya da ya san gaskiya, wanda ya yi wata da watanni yana haddar baiti tare da ita.

"Haggai. Kai ka karanta littafin. Gaya musu."

Ya share gumi da bayan hannu. Bai dube ta ba, ƙasa ya duba.

"Maman Glory, ni ban ce wa kowa gaskiya ne ba."

"To!"

"Ban kuma ce musu ƙarya ne ba. Da suka zo da galma, na ga tawa tana nan inda na ajiye ta."

Nan ne Hannah ta gane. Ta zo da shirin faɗa da tsofaffin da ba su gane ba, ashe wanda ya fi kowa ganewa shi ke gaba. Mutumin da ta ɗauka ya manta tun kafin a haifi Glory, ashe ajiya ya yi. Ta dubi bayansa da ya fara ranƙwafawa, ta dubi kwaɗon Saloma, ta tuna ɗakinta: gadon da Markus ya mutu a kai, kwalin littattafanta, tagar da take jin ruwan sama ta cikinta. Ta yi yawon gidajen gwamnati rabin rayuwarta, kowane da lamba a ƙofa. Wannan ne kaɗai ba mai busa usur ya ce ta tashi.

Matar da ta zauna da matan sojoji ba a bakin gona za a ƙure ta ba. Ta kwance ɗankwali ta yar. Ta ɗora hannu biyu a ka. Ta kurma ihun da sai da tsuntsaye suka tashi daga ɗorawa.

"Wayyo ni Hannah! Na shiga uku! Sau biyu! Wayyo mijina!"

Galmomi suka tsaya. Baba Dudu ya ja da baya.

"Ke, lafiya? Wa ya mutu?"

"Angon da kuka ba ni! Kun tashi kun hau mota, ba ku tsaya kun ga ƙarshe ba. Ko tuwon biki bai huce ba aka soke shi. Yaya, kana wurin. An soke shi ko ba a soke shi ba?"

Habila ya janye ƙafafunsa. "An… an soke shi. Amma takobin katako ne."

"Ya faɗi?"

"Ya faɗi."

"Wa ya kama ƙyauren da aka fitar da shi?"

"Ni da wasu yara. Hannah, jinin nan fa zoɓo ne."

"Ban tambaye ka zoɓo ba. Wa ya shafe masa ido?"

Habila ya shafa gemu.

"Yaya, da ka sunkuya a kansa, me ka ce? Turanci ka yi? Faɗa wa Baba Dudu abin da ka faɗa. Ni na ji da kunnena."

Habila ya sunkuyar da kai. Da ƙyar aka ji muryarsa. Ya ce ganin mutum kwance a ƙyaure, ido rufe, mace na kuka a kansa, bakinsa ne ya tafi da kansa. Sallamar da ake yi wa mamaci ya yi masa. Ya ce masa ya sauka lafiya, ya gai da waɗanda suka riga mu, kada ya waiwayo.

"Duka?" in ji Baba Dudu.

"Duka."

Ba wanda ya ba da umarni, amma sai ga fili ya buɗe kewaye da Haggai. Mai ɗaurin gwiwa, wanda ɗazu sai an tashe shi, ya yi wani tsalle ya haye kunya biyu. Wani ya ce, "Yesu! Da ƙwarya ɗaya muka sha ruwa da shi!" Wani ya fara tofe-tofe. Saloma kanta ta matsa bayan ɗan acaba.

"Kun haukace ne?" in ji Haggai. "Ga ni tsaye! Dudu, taɓa ni!"

"Tsaya daga nan, muna jin ka."

Hannah ta share hawayen da babu, ta ɗaure ɗankwalinta tsaf.

"To Baba, baki ɗaya ne ya yi magana biyu, rana ɗaya, a kan katako ɗaya, da yare ɗaya. In ta farko ta zauna, ta biyu ma ta zauna: ku ajiye galma ku ɗauko shebur, ni kuma in shiga takaba. In ta biyu wasa ce, ta farko ma wasa ce. Ku zaɓa. Ni duk wanda kuka ɗauka ina da baitinsa."

Tsofaffi suka koma gindin ɗorawa suka haɗa kai. Ba su daɗe ba, don ba mai son ya kwana da tunanin ya yi noma da gawa. Baba Dudu ya sa Habila ya tsaya gaban kowa ya janye maganganunsa biyu, ta mutuwar tukuna, don ita ta fi gaggawa. Sannan ya nuna Hannah da ƙotar galma.

"Ke kuma, in za ku sake wannan abin naku, ku nemo baƙi. Kada a ƙara sa ɗan'uwa ya yi ɗan'uwa."

Ya juya ga Saloma. "Ba a yi aure ba. Mayar da kwaɗonki."

"Sabo ne fa, Baba."

"Sa wa akurkin kaji."

Aka watse, gona rabi a nome. Hannah ta ci nasara, amma da ta waiwaya daga kan babur, dariyar da ta taso mata ta koma. Haggai bai bi su ba. Ya tofa yawu a tafi, ya koma kan kunyar da ya bari. Ya ƙarasa gonar shi kaɗai cikin satin nan, da Habila ya ce masa ai an soke magana, ya ce ya sani, shi dai ba ya son ganin aiki rabi.

Takalmin ya dawo da shi a goge, ana ganin fuska a jiki. Ta karɓa a bakin ƙofa, ta juya shi, ta miƙa masa. Ta ce a akwati cin wuri kawai yake.

Hannah ta ci jarrabawa. Malam Ladan ya ce tun da yake koyarwa bai taɓa ganin wasan da ya fita fili ya kama galma ba, ya rasa ma makin da zai ba shi. Yanzu tana koyarwa a wata makaranta a hanyar Dabai, tana kuma kwana a ɗakinta, ita ke kulle shi da kwaɗonta. Haggai kuwa sunan ya bi shi. Duk Zuru, har masu kawo masa gyaran kujera, Marigayi suke ce masa, yana amsawa.

Da hantsi, in ka bi ta shagonsa, wani lokaci za ka ga Hannah tsaye a waje da jug ɗin kunu. Ba ta shiga, ba ta zama. Saloma ta taɓa tare ta a hanya ta ce, "Matarmu, ina zuwa da kunu haka?"

"Sadaka zan kai wa mamaci," in ji Hannah. "Ko ita ma dangi sun zauna a kanta?"